XP, Windows 7 ko Linux: wacce zan ɗora don tsofaffin gem?

Nazifi Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masana. Yayana ya bar min laftof ɗinsa, HP EliteBook 8470p, Core i5, RAM 4GB, Windows 10 mai 64-bit ce a kai. Ina so in riƙa buga gem ɗin da muka tashi da su: Vice City, Need for Speed Most Wanted na 2005, Commandos, Age of Empires II, sai Prince of Persia na farkon nan. Wani ya ƙi shiga, wani ya shiga amma ko motsi ba ya yi in na danna shi, Vice City kuma cewa yake bai ga 640x480 ba. Mai gyaran unguwarmu ya ce in kawo ya goge komai ya ɗora min XP. Abokina kuma ya ce Windows 7 ta fi. In kai masa ne ko in dakata?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya Nazifi, duk wannan wahalar ta mece ce? Vice City ai har a waya ana buga shi.

Nazifi Ɗorayi: Auta, ka taɓa tuƙa helikwaftar nan ta gini da yatsa a gilashin waya? Ka bar manya su yi magana.

Malam Habu Mai Kwamfuta: Wa alaikumus salam, Nazifi. Mai gyaranku bai faɗi ƙarya ba. Duk abin da ya fito daga 2001 zuwa wajen 2007, gidansa XP ne. A kanta aka rubuta su, a kanta aka gwada su, kana sa faifai kana danna setup shi ke nan. Kuma ka yi sa'ar na'ura, don 8470p ƙarni na uku ce ta Intel, katin hotonta HD 4000, kuma akwai direbansa na XP. Da ƙarni na shida ko na takwas ce da ban ma ba ka wannan shawarar ba, don za ka ɗora XP ɗin ne ka zauna ba direban hoto, ba na sauti, wani sa'in ko USB ba ta gani. Amma kafin komai, wasan kawai za ka yi da ita, ko akwai wani aiki?

Nazifi Ɗorayi: Malam, da ita nake rubuta furojet ɗina na makaranta, ina shiga imel, wani lokacin har banki.

Injiniya Rukayya: To magana ta ƙare ke nan, kada ka goge. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014. Chrome ya tsaya mata a lamba 49, Firefox a 52, shafuka da dama yanzu ba za su ma buɗe maka ba. Wanda bai manta bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017 ba ya san abin da ke samun kwamfutar da ba a toshe mata ƙofofi. Na'urar da kake shiga banki da ita ba a mai da ta XP saboda Tommy Vercetti, jarumin Vice City.

Kuma ni tambayar ce ma nake ganin an ɗauko ta ta wutsiya. Gem biyar ka lissafa, zamani uku suka fito, kuma ciwon kowanne daban. Prince of Persia ɗan DOS ne, na 1990. Commandos 1998, Age of Empires II 1999, 'yan zamanin Windows 98 ne. Vice City ya zo kwamfuta a 2003, Most Wanted 2005. Babu babbar manhaja guda ɗaya da za ta rungume su duka ba tare da ka taɓa komai ba, har XP ɗin.

Malam Habu Mai Kwamfuta: Injiniya, ai ban ce ya shiga intanet da ita ba. XP ɗin wasa a kashe mata Wi-Fi ake yi, a bar ta ita kaɗai.

Injiniya Rukayya: Malam Habu, ka fi ni sanin yaranmu. Yau ka kashe, gobe ya kunna hotspot don ya sauko da abu ɗaya. Ko filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu ya dawo, ya ishe ta.

Sadiq Zariya: Ni ne dai zan tsaya wa Windows 7, amma mai 32-bit, a lura. Dalili: Windows mai 64-bit, ko 7 ce ko 10 ko 11, ba ta tafiyar da manhajar 16-bit kwata-kwata, an cire abin da ake kira NTVDM daga cikinta. Gem da yawa na ƙarshen shekarun 1990 su kansu 32-bit ne, amma setup ɗin da ke shigar da su 16-bit ne. Shi ya sa za ka ga faifai lafiya lau, ka danna setup a ce maka ba zai yi a wannan kwamfutar ba. A 7 mai 32-bit wannan matsalar babu ita, ga direbobi a wadace, ga ta ba nauyi a RAM 4GB.

Injiniya Rukayya: Sadiq, ita ma 7 ɗin an rufe littafinta tun 14 ga Janairun 2020. Chrome ya bar ta a 109, Steam, shagon sayar da gem a intanet, ya bar ta ranar 1 ga Janairun 2024. Ka fitar da shi daga rami ka sa shi a wani. Sannan ka gaya masa abin da 7 ke yi wa launin Age of Empires II mana.

Sadiq Zariya: Hahaha, ciyawa ta koma ja-ja da ɗige-ɗige, ruwa ya koma shunayya. Wannan kam gaskiya ne. Gem masu launi 256 suna rigima da explorer.exe a kan launuka. Maganin da muke yi shi ne ka buɗe Task Manager ka kashe explorer.exe, ka shiga wasan, in ka fito ka sake tayar da shi. Har ɗan fayil na bat muke rubutawa mai layi uku ya riƙa yi mana: kashe, buɗe wasa, tayar.

Ɗan Auta: Wato sai ka kashe rabin Windows kafin ka yi wasa, kuma ita ce kake tallatawa.

Sadiq Zariya: Yaro man kaza.

Baba Tanko: Ina ta karanta ku ina murmushi. Ku duka yara ne a wannan fagen. Wanda yake son ya ji Commandos da Need for Speed II yadda masu su suka nufa, Windows 98 SE zai nema, a kan Pentium III, da katin 3dfx Voodoo da Sound Blaster, da talabijin ɗin kwamfuta mai ƙeya. A nan DOS na gaske yake, ba kwaikwayo ba. Abin da kuke gani a faffaɗan gilashin nan, an ja hoton an miƙe shi, mutum ya yi faɗi, tayar mota ta zama ƙwai, ba shi ne wasan ba.

Malam Habu Mai Kwamfuta: Allah ya ƙara girma, Baba, amma 98 ba za ta hau wannan laftof ba ko da an yi mata turare. In RAM ta wuce 512MB sai ta fara kame-kame sai an gyara mata saiti, had-dis in ya wuce 137GB wata rigimar ce, direban HD 4000 kuwa babu shi, ba a taɓa yi ba. Kamfanin 3dfx ɗin ma tun ƙarshen 2000 Nvidia ta saye kayansa. Yau in ka zaga Beirut Road kana tambayar Voodoo, sai yaran shago su ɗauka wani abin kake nufi. In ma an dace an samu tsohon allon Pentium III, duba kafasitocin da ke gefen processor: za ka ga kansu ya kumbura, wani ya tsage yana fitar da abu ruwan ƙasa kamar tsatsa. Sai an bi su da ƙarfen lida ɗaya bayan ɗaya. Batirin CR2032 ya mutu, kullum ka kunna agogo ya koma baya. Ga mai ƙeyar nan da shan wuta, ƙaramin inbata ba ya jure mata.

Baba Tanko: Tawa tana nan tana aiki, Habu. Lulluɓe ta nake yi da zani saboda ƙurar hunturu.

Malam Habu Mai Kwamfuta: Ai irinku ne ke riƙe da tarihi, Baba. In za a sayar a tuna da ni.

Injiniya Rukayya: Nazifi, bari in bi maka su ɗaya-ɗaya a kan Windows 10 ɗin da ke hannunka, kafin a kai ka kasuwar 'yan gwangwan.

Prince of Persia: sauko da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, kyauta ne, tun 2002 ake amfani da shi. Ka buɗe folda a C ka sa mata suna wasanni, ka zuba wasan a ciki. A baƙin allon DOSBox ka rubuta mount c c:\wasanni, sannan c:, sai cd da sunan foldar wasan, sai prince. In ya cika gudu Ctrl da F11 na rage shi, Ctrl da F12 na ƙarawa, Alt da Enter na cika allo. Ko XP ka ɗora, DOSBox ɗin dai za ka koma, don DOS ɗin cikin XP sautinsa rabi da rabi ne.

Vice City: shiga Control Panel, wurin kunna da kashe Windows features, ƙarƙashin Legacy Components ka yi wa DirectPlay alama. Sannan ka nemi SilentPatch, wani gyara ne da masoya wasan suka yi, shi ke kawar da kukan 640x480 da matsalar maus da ke ƙin juyawa. Kuma ka bar Frame Limiter a kunne. In ka kashe shi hoto zai yi santsi, amma lissafin wasan a ɗaure yake da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, sai ka ga mota ta ƙi yin ribas da ƙarfi, abubuwa suna ta shirme.

Commandos: in ya ce maka bai ga DirectX 5 ba, je foldarsa. Sunan fayil ɗin comandos.exe ne da m ɗaya. Mai da shi commandos.exe da m biyu ka sake gwadawa.

Nazifi Ɗorayi: Anti Rukayya, da gaske kike ko tsokana ce? Harafi ɗaya?

Injiniya Rukayya: Gwada ka gani.

Nazifi Ɗorayi: Ikon Allah. Ya buɗe wallahi.

Ɗan Auta: Da yanzu an goge furojet saboda harafin m.

Isufu Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ina da ƙari kan DOSBox saboda 'yan uwa na wajenmu. Injinan da ke zo muna daga Faransa kibod ɗinsu AZERTY ne, ba QWERTY irin naku ba. Wurin da W taku take, mu Z ce, wurin A kuma Q. Sai mutum ya shiga wasan da aka tsara tafiya da W, A, S, D ya ga yatsunsa sun watse, gaba tana can ƙasa, hagu tana sama. A cikin DOSBox kuma ka nemi alamar nan ta digo biyu ko sandar da ke karkace ka rasa. Ka rubuta keyb fr tun farko, komai zai koma wurinsa. A sauran wasanni ko dai ka shiga saiti ka mai da su Z, Q, S, D, ko ka ƙara kibod ɗin Ingilishi a Windows ka riƙa sauyawa da Alt da Shift.

Sadiq Zariya: Malam Isufu ka warware min wani tsohon ƙulli. Akwai irin waɗannan laftof ɗin da ke shigowa kasuwa a nan ma, masu saye su ɗauka lalacewa ce.

Nazifi Ɗorayi: Saura Most Wanted da Age of Empires. Su ne in na danna sai maus ya ɗan yi zagaye ya tsaya, ba saƙo ba komai.

Malam Habu Mai Kwamfuta: Yawwa, an zo wurin. Injiniya, bismillah, a ba shi harafin da zai canja.

Injiniya Rukayya: Malam Habu yana jira na a kwana. Nazifi, faifan naka na asali ne, mai kwali da lambar sirri?

Nazifi Ɗorayi: Waɗannan biyun na asali ne, Yaya ya taho da su daga Ingila lokacin karatunsa. Sauran dai irin na kasuwa ne.

Injiniya Rukayya: To shi ya sa. Faifan asali na wancan zamanin suna ɗauke da makullin hana kwafi, waɗannan biyun SafeDisc ne a kansu. Makullin yana dogara da wani direba mai suna secdrv.sys, Windows 10 kuma ta ƙi shi tun fitowarta a 2015 saboda ɓarakar tsaro. A Satumbar shekarar aka tura sabuntawar da ta kashe shi a Vista da 7 da 8 ma, don haka Sadiq, taka ma ba ta tsira ba in tana karɓar sabuntawa. Abin haushin shi ne wanda ya biya kuɗi ya sayi na gaske shi ne ke tsaye a waje. Age of Empires II yana da mafita: an sake fitar da shi a Steam a 2013 da sunan HD Edition, zai tafi a na'urarka. Sabon fitowarsa na 2019 da ƙyar zai tafi a kanta, kada ka kai kuɗinka can. Most Wanted na 2005 kuwa ba a sayar da shi a Steam ko GOG, wanda za ka gani mai wannan sunan na 2012 ne, wani wasan ne daban.

Ɗan Auta: Akwai wani shafi da nake samun...

Shugaban Zaure: Auta, na goge abin da ka liƙa. Dokar zaure ba ta canja ba, ba a raba kayan fashi a nan. Ban da haƙƙin masu shi, rabin irin waɗannan fayilolin da bairos a cikinsu suke zuwa. A ci gaba.

Malam Habu Mai Kwamfuta: To kun dawo kan maganata. Faifansa na halal, XP za ta karɓe shi hannu bibbiyu. Kuma akwai abin da ba a faɗa ba: sauti. Daga Vista aka cire wa DirectSound hanyar da yake bi kai tsaye zuwa katin sauti, EAX, fasahar sautin wasa ta katin Creative, ya mutu. Gem da yawa na wancan lokacin a XP ne kawai za ka ji amsa-kuwwa a cikin rami da takun mutum ta bayanka yadda aka tsara.

Injiniya Rukayya: Da katin Creative a kwamfutar tebur, e. A lasifikar laftof ɗin Nazifi wane EAX zai ji?

Malam Habu Mai Kwamfuta: Wannan kuma kin kama ni da gaskiya. Amma ga abin da zan yi in ni ne, kuma ba sai an goge komai ba. Murfin ƙasan 8470p da sakata yake, kana turawa yake zamewa, had-dis ɗin na nan a fili. Ya sayi ƙaramin had-dis na hannu, ko 160GB ne ya isa. Ya zare na Windows 10 ya ajiye, ya sa wannan, ya ɗora XP SP3 a kai. Wurin da mutane ke faɗuwa ɗaya ne: faifan XP bai san AHCI ba, wato sabuwar hanyar magana da had-dis, yana cikin lodi sai shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Sai ka danna F10 lokacin kunnawa, ka shiga BIOS, ka mai da SATA zuwa IDE. Amma ka riƙe wannan da kyau: ranar da ka mayar da had-dis ɗin Windows 10, ka koma ka mai da shi AHCI, in ba haka ba ita ma za ta ƙi tashi, ka zo kana cewa Malam Habu ya kashe maka furojet. Direbobin kuma ka sauko da su tun kana Windows 10 ka zuba a filash, na hoto da na sauti da na chipset. Na Wi-Fi kada ma ka sauko da shi, ka ga Injiniya ta samu barci.

Injiniya Rukayya: Wannan na yarda da shi. In babu direban Wi-Fi, babu jaraba.

Sadiq Zariya: Me zai hana ya sa XP ɗin a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin wata, ya huta da kwance-kwance?

Injiniya Rukayya: Daga VirtualBox 6.1 sun cire wa XP tallafin hoto mai 3D, Most Wanted ba zai yi daɗi ba ko ya buɗe. VMware ya fi shi a wannan fannin, amma RAM 4GB za a raba biyu, ga HD 4000 da dama can a ƙyar take. Su 86Box da PCem kuma, da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura gaba ɗayanta har da Voodoo ɗin Baba, processor mai ƙarfin gaske suke so. Wannan i5 ɗin zai iya ɗaukar kwaikwayon 486 ko Pentium na farko-farko, daga nan sauti zai fara tsinkewa.

Mubarak Jos: Na zo a makare. Mamaki nake har yanzu ba wanda ya tsaya wa Linux, ga Injiniya a zaune. Wine, mai tafiyar da manhajojin Windows a Linux, tun 1993 ake gina shi, Valve mai Steam ta fito da Proton a kansa a 2018, Steam Deck gaba ɗayansa a kan Linux yake tafiya. Akwai tsofaffin gem da suka fi tafiya lafiya a Wine fiye da Windows 11. Ka sa Linux Mint da Lutris, kowane wasa ka ba shi ɗakinsa, wannan ka ce masa yana cikin 98, wancan XP.

Injiniya Rukayya: Mint nake amfani da ita a gida, Mubarak, kuma da gangan na yi shiru. Ƙarfin Proton a yau DXVK ne, mai fassara hoton gem ɗin Windows, shi kuma Vulkan yake so, wata sabuwar hanyar magana da katin hoto, HD 4000 kuwa Vulkan ɗinta guntu ne, bai cika ba. Dole ya koma WineD3D da ke bi ta OpenGL, ya rasa wani kaso na gudu a na'urar da ba ta da rara. Sannan mutumin da yau ya fara jin sunan DirectPlay, in aka jefa shi cikin winetricks a makon da yake rubuta furojet, an zalunce shi. Inda Mint za ta yi masa rana shi ne ɓangaren aiki. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025, kuma 8470p ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. In ya miƙa furojet, had-dis ɗin aiki ya koma Mint, na wasa ya zauna a XP.

Mubarak Jos: Ban gamsu duka ba. Vice City da Age of Empires ba su da nauyin da WineD3D zai gagare su. Amma batun furojet na sallama.

Baba Tanko: Duk dai hoton a miƙe zai gan shi.

Isufu Maraɗi: Baba, akwai magani. A saitin katin Intel akwai wurin da ake cewa ya riƙe ma'aunin hoto, sai ya bar baƙi a gefe da gefe, taya ta dawo da'ira.

Nazifi Ɗorayi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Prince of Persia da Vice City suna tafiya yanzu. Had-dis ɗin XP sai ƙarshen wata in kuɗi sun shigo, saboda Most Wanted. Amma Commandos da ya buɗe ɗin nan, sojojin Jamus gudu suke kamar an biyo su, kafin in ɗaga wuƙa sun juyo sun harbe ni. Malam Habu, in na sa shi a XP zai daidaita?

Malam Habu Mai Kwamfuta: Ba zai daidaita ba, wannan ba laifin Windows ba ne. An yi wasan ne lokacin da processor ke gudun megahaz ɗari biyu zuwa uku, naka yana haura dubu biyu da ɗari biyar. Tun zamanin Pentium 4 muke fama da shi, a kan XP ɗin ma sai mun haɗa da manhajar rage wa processor gudu. Kafin nan gwada wannan: shiga Power Options, cikin saitin processor, ka sauke iyakar ƙarfinsa ƙasa sosai, ka zare caja, ka ga ko sojojin za su lafa. In ba su lafa ba ka nemi DxWnd, yana da wurin ƙayyade gudun wasa. Ka turo hoton shafin saitinsa in nuna maka inda za ka taɓa.

Nazifi Ɗorayi: To Malam, bari a kawo wuta, batirin ya kusa ƙarewa.